Hukuncin Mai Jifan Kankana

A shekarun da nake tuƙa motar kayan gwari a kasuwar Aziziya da ke ƙasa mai tsarki ne yayata da ke Amurka ta ɗora mini kayan da suka fi ƙarfina. Ɗanta na fari yana buga ƙwallon can, irin wanda ake sa hular kwano ana gware. Shi ne kwatabak na jami'arsu, wato mai karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan gudu. Saura shekara ɗaya ya gama karatu, sai ya ce zai ajiye ya shiga sahun waɗanda manyan kulob suke zaɓa. In an ɗauke shi ya haye. In ba a ɗauke shi ba ya yi biyu babu, don saboda wasan aka ba shi gurbin karatun.

"Kai ne kawunsa," in ji ta. "Ka hana shi, yana jin maganarka."

Ni da ban taɓa ganin ƙwallo mai siffar gwanda ba! Amma da yaron ya turo mini bidiyonsa, sai na saki baki. Jama'a maƙil har inda ido ya tsaya, ƙarti sun taso masa, shi kuwa ya ja da baya ya saki ƙwallo, ta tafi tana juyi ta faɗa hannun wanda ko waiwaye bai yi ba. Tsigar jikina ta tashi. Sai dai burgewa ba sani ba ce, kuma ba na son in yanke wa ɗan mutane hukunci da ka.

Akwai wani dattijo mutumin Damagaram da ke tsayawa a kan babbar mota yana jefo kankana ga masu caɓewa a ƙasa. Gemunsa fari fat, amma ban taɓa ganin ya kalli hannun da yake jefa wa ba. Bayan azahar na same shi a inuwar mota na miƙa masa waya. Ya kalla sau biyu ya dawo mini da ita.

"Hannu kam akwai. Amma duk wannan ranar sa'a ce. Ina wadda ya fasa?"

Na ce ban gane ba, Baba.

"Mu nan ba ma duba jifan farko. Sai mutum ya fasa kankana, mu'allim, wato mai kaya, ya zazzage shi gaban jama'a, sannan mu zuba wa hannunsa ido. Yawanci sai su koma lallaɓawa, su jefa gajere, su fasa ta biyu. Wanda ya yi haka, halas, tasa ta ƙare, ya je ya ɗauki kwando."

Na sa yaron ya turo mini wasan da aka ci su, cikakke. Bai so ba, amma ya turo. Muka zauna da Baba muna janyowa gaba har muka iso wurin. Ya jefa, wanda aka jefa wa ya kasa riƙewa, ƙwallo ta faɗa hannun abokan gaba, filin ya ɗauki ihu. Da suka dawo, wani ƙato ya kai shi ƙasa, har na ji abin a haƙarƙarina. Ya tashi ya kakkaɓe. Jifan da ya biyo baya ya fi na farko nisa, kuma ga wannan da ya zubar ɗin ya sake jefawa. Aka caɓe.

Baba ya miƙe tsaye.

"Mashallah. Bai ji tsoron hannunsa ba, bai kuma riƙe ɗan'uwansa a zuci ba. Tun da nake kan motar nan, mutum biyu na gani haka."

Wallahi tsoro ya kama ni, na dattijon da na yaron duka. Na so a ce ya kushe shi, da aikina ya yi sauƙi.

Kwana biyu ina juya wayar kafin in kira yayata.

"Yaya, ki sa masa albarka ki bar shi."



"Kai ma?" ta ce. "To, in ya faɗi, kai za ka ɗaga shi."

Na ce na ji, na ɗauka.