Iyakar Gonarmu Daga Kan Dutse

A shekarun farko na dawowar shari'a, mutanen ƙauyenmu da ke yamma da Daura sun mayar da zuwa gaban alƙali kamar zuwa cin kasuwa. Ina kwalejin horon malamai a lokacin. Na zo hutu bayan girbi, na tarar Baba da ƙanensa Baffa ko gaisawa ba sa yi. Gonakinsu na gado suna cikin kwarin da ke gindin dutsen garinmu, korama ce ta raba su. Kowannensu ya rantse ɗan'uwansa ne ya karkato ruwa ya ci masa gona, kuma ranar Litinin za su kotu.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Gwaggo, yayarsu, da 'yar gatarinta.

"Kafin ku je ku tona wa kanku asiri, ku raka ni kan dutse in ɗebo sassaƙen itacen hano na magani," ta ce. Ta juyo gare ni. "Kai ma malam, rufe littafin nan ka sha iska."

Ban rufe ba, na dai tafi da littafin rubutuna da fensir.

Hanyar awaki ce, ta bi gefen dutsen tana hawa. A hagu bango, a dama babu komai sai iska. Gwaggo na gaba babu takalmi, tana tafe kamar a tsakar gidanta. Baffa na biye da ita, Baba na bayansa yana haki, ya naɗe babbar rigarsa a wuya. Ni ne a ƙarshe, ina kallon ƙafafuna kaɗai. Wata rema, 'yar dabbar dutse mai kama da zomo, ta leƙo daga kogo, ta ƙare mana kallo, ta koma.

Da muka kai inda hanyar ta tsuke, Baba ya tsaya cak.

"Yaya, tumbin ne ya ƙi wucewa?" in ji Baffa. Maganarsa ta farko ke nan gare shi cikin wata biyu.

"Rufe mini baki. A nan na goya ka kana tsala ihu."

"To kawo hannu, kada mu rasa wanda za mu kai ƙara."

Baba ya miƙa hannun, amma ya kau da kai.

A sama dutsen shimfiɗe yake kamar faifai. Sai da na zauna na iya ɗaga ido. Kwarin gaba ɗaya yana ƙarƙashinmu: fadama kore shar da albasa, shanu farare suna kiwo a cikin karan gero, wata shirwa tana shawagi, mu ne a samanta. Ban taɓa ganin bayan shirwa ba sai ranar.

Gwaggo ta tafi wajen itacenta. Su Baba suka zauna nesa da juna, ni kuwa na shiga zana kwarin don kada a sa ni magana. Da na zo kan koramar sai na ga layi biyu. Akwai inda ruwa ke bi yanzu, a lanƙwashe kamar maciji, akwai kuma wani farin layin yashi miƙaƙƙe da ya ratsa tsakiya, tsohuwar hanyar ruwan. Daga arewa ruwan ya shiga gonar Baba, daga kudu ya shiga ta Baffa. Na miƙa hannu, na rufe ido ɗaya, na auna da fensir sau uku. Abin da kowa ya rasa a gefe guda, ya samu kusan kamarsa a ɗaya gefen.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, yanzu zan gaya wa iyayena biyu sun yi kuskure. Amma na tuna jibi Litinin.

"Baba," na ce, "da za ku duba wani abu."

"Ɗaga murya, ba karatun asuba kake ba," in ji Baffa.

Na ajiye zanen a tsakaninsu, dole suka matso. Na nuna takarda, na nuna ƙasa. Suka dubi zanen, suka dubi kwarin.

"Wancan wurin da ka shuka wake bana," Baba ya ce a hankali, "ai nawa ne."

"Inda ka yi dankali kuma fa?"

Baba ya shafa gemu. "Dankalin ya yi kyau kuwa."

Baffa ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Gwaggo ta dawo da ɗaurin sassaƙe a ka, ta tambayi abin da ya faru.

"Ɓarawon ya fito, Yaya," in ji Baffa. "Sai dai ban san ɗan sandan da zai kamo ruwa ba."

A nan kan dutsen suka yanke cewa kowa ya riƙe abin da koramar ta ba shi, su dasa gamba a bakinta kafin damina. Ranar Litinin da sassafe na ji su a zaure suna gardama kan wanda zai je ya janye ƙarar, kowa yana jin nauyin alƙali. Daga ƙarshe suka hau babur ɗaya.