Ramin Kare a Gidan Yaya Shulan

Geng Shoutian bai taɓa zama mai yawan magana ba. Shekara arba'in da biyar yana gina kang, gadon bulo da hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa ya ɗumama mai kwanciya, kuma duk ƙauyen nan na bakin kogin Songhua babu wanda ya taɓa jin ya yabi aikinsa. In ya gama sai ya hura wuta, ya fita ya ɗaga kai. In hayaƙi ya miƙe, sai ya wanke cokalin gininsa ya tafi.

Yayarsa Shulan ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Shi ya gina mata kang da bututun hayaƙi irin na da, mai tsayawa a ƙasa gefen gida. Matarsa ta rasu, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse birni. Su biyu suka rage, kullum da rana yana cin abinci a gidanta tana yi masa faɗa.

Da zafin bara ɗanta Haibo ya turo ma'aikata daga birnin Harbin suka shafe bututun da siminti don ya yi kyau. Ba a kira Geng ba. Ya wuce ya gani, ya haɗiye.

Ran da iskar arewa ta fara kaɗawa, maƙwabciya ta tarar da Shulan a ƙasa tana amai, ɗaki cike da hayaƙi. Kwana biyu ta yi a asibiti. Haibo ya bugo waya: ran Lahadi zai zo ya ɗauke ta, ya shirya mata ɗaki a birni, a bene hawa na goma sha tara.

"Ni tantabara ce?" in ji Shulan. "Can zai kai ni in mutu ina leƙen taga. Kai kuma wa zai ba ka abinci, ƙaton banza?"

A kantin ƙauye ana cewa aikin Geng ya tsufa kamar mai shi. Geng ya nufi gidan Shulan. Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa gindin bututun. Inda ya kamata ya ji ƙarar wofi, sai ya ji dim. A nan ne magini ke barin rami mai zurfin kamu guda, wanda ake ce wa ramin kare. In iska ta faɗo ta bakin bututun, cikinsa take kwanciya ta murɗe, ba ta kora hayaƙi ɗaki ba. 'Yan birni sun ɗauka ramin ɓera ne, suka juye ragowar siminti a ciki.

Saura kwana huɗu. Biyu suka tafi wajen fasa simintin, yana durƙushe a kan dusar ƙanƙara, da gwiwoyin da suka daɗe da ƙin sa. Sai babbar matsalar: laka. Ba mai gyaran bututu da sanyi, don ƙasa ta daskare. Ya sari ƙasa da diga a bayan gida, digar ta yi tsalle kamar ta bugi ƙarfe. Siminti kuwa daskarewa zai yi kafin ya kama, in ma ya kama zafi ya tsaga shi.

Ya daɗe zaune a kan bokiti. Sannan ya tuna wuri ɗaya da ƙasa ba ta daskarewa: ramin da yake ajiye kabeji da dankalinsa na sanyi. Ya sauka ya kankare bangon. Bokiti bakwai ya hauro da su ta tsani. A na bakwai bangon ya zabtare, ya binne rabin kabejin. Bai ko waiwaya ba.

Ya kwaɓa da ruwan zafi da yankakkiyar ciyawa. Safar hannu ba ta jin laka, sai ya cire. Shulan ta zauna a kujera cikin bargo biyu tana tura karan masara a wutar da suka kewaye gindin bututun da ita, kada lakar ta daskare.

"Sa safarka, mahaukaci."

"Tura kara, Yaya."

"Tun kana yaro kunnenka na ado ne. Dubi yatsunka, sun yi fari kamar ɓararriyar tafarnuwa."

"Wutar na mutuwa."

Bulo sha tara ya mayar. Sau biyu lakar ta ƙage a cokali kafin ta kai bulo, ya sake kwaɓi. Da yammacin Asabar ya toshe kafar ƙarshe. Yatsu biyu na hannun damansa sun daina jin komai.

Lahadi ta zo babu ko ɗigon iska. Haibo ya iso da mota, ya tarar da hayaƙi na tashi sambal. Ya shiga ya shinshina ɗaki, ya dafa kang, ɗumi. Fuskarsa ta saki.

"Kawu, ashe har yanzu da sauranka! To, ya gyaru ke nan?"

Shulan ta zuba wa ƙanenta ido. "I" kawai ake nema ya ce. Geng ya dubi hayaƙin.

"Yau ba iska. Ko fasasshiyar tukunya ka kafa za ta ja hayaƙi. Sai ta arewa ta zo a sani."

"Wayyo ni!" in ji Shulan. "Baki guda Allah ya ba ka, yau ka ga damar buɗe shi!"

Haibo ya ɗaure fuska. "Kawu, ba zan bar uwata a yi gwaji da ita ba. Inna, ina jakarki?"

Geng ya fita. Haibo ya kai jaka ɗaya mota, ya kai ta biyu, Shulan na riƙe da bakin kang da hannu biyu tana zagin dangin ubansa. Sai ga Geng ya dawo yana ɗingishi da naɗaɗɗen bargonsa a kafaɗa. Ya shimfiɗa shi a ƙarshen kang, ɓangaren bututu, inda ya fi sanyi, inda hayaƙi ke fara fitowa in ya juyo. Ya cire takalmi ya zauna.

"In ya dawo, ni zai fara samu."

Haibo ya dube shi, ya dubi yatsun nan da suka fara baƙi. Sai ya fita ya dawo da jakunkunan.

"In na ji ko tari ta yi, zan dawo. Kai kuma ka je asibiti da hannun nan."

Bai je ba, yana jiran iska. Ta zo ran Laraba da hantsi, har tana ɗaga rufin kejin kaji. Geng ya durƙusa ya kara hancinsa a gaɓar bulo, yana jin ta tana faɗowa cikin bututun tana gurnani a ramin kare. Awa uku bai tashi ba. Ɗaki bai yi hayaƙi ba.

Ran Alhamis likita ya cire yatsun biyu. Cokalin gini bai sake zama a hannunsa ba. Shulan ta rataye shi a ƙusa kusa da murhu, kuma bargonsa na nan a ƙarshen kang. Ta ce munsharinsa ya fi hayaƙin damunta.