Ƙarangiyar Gindin Bedi

Jiya ƙarangiya ta kama mini gefen zane a bayan gari. Na tsuguna ina cire ta ɗaya-ɗaya tana sukar yatsuna, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Kai mai karatu, wataƙila a wurinka ƙarangiya ciyawar banza ce. Ni kuwa na ci ta, kuma na san abin da aka bayar kafin in ci.

A wani ƙauye na arewacin Adar na tashi, a hannun kakana da kakata, ni da ƙanena da bai daɗe da barin nono ba. Zamanin soja ne, fari ya ci dabbobi, iska tana kwashe ƙasar gonaki. Sai ma'aikatan gandun daji suka zo daga Tawa da 'yan itatuwan bedi a cikin leda, suka ce a dasa su don su tare iska. Mutane suka karɓa don tsoron kaki. Kakana shi da zuciya ɗaya ya karɓa. Ya jera su a gabashin gonarsa, kowanne da kwarin da zai riƙe ruwa, ya kewaye layin duka da ƙaya saboda awaki. Yakan tsokane ni ya ce, "Amaryata, nan za ki riƙa kawo min hura, cikin inuwa."

Damina ta zo da rowa. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Amma cikin shingen nan, inda ɗan ruwan ya kwanta kuma bakin dabba bai kai ba, ƙarangiya ta tashi shar, har ta rufe kan itatuwan. Kakana ya san abin da ke tafe. Ciyawa ta fi ƙaramin itace saurin saiwa, ita ke fara shan raɓar ƙasa, ta kuma tare masa rana. Ya ɗauki hauya zai fita, kakata ta tsaya masa a bakin ƙofa da ƙanena a goye. Yaron ya rame, wuyansa kamar sillen kara.

"Malam, bar hakin ga ya nuna," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage muna."

Ya ce, "Haki da icce ba su shan ƙwarya guda. In na bar shi, dut iccen mutuwa za su yi."

"Icce bai kukan yunwa," ta ce, ta juya masa baya don ya ga abin da ke goye.

 Kakana ya tafi gonar, ina biye da shi. Ya nome gindin guda ɗaya tak, na can ƙarshen layi, sannan ya saɓa hauyarsa muka dawo.

Daga nan kullum sai ya je ya duba sauran itatuwan, ko da yake babu abin da zai yi musu. Ganyen ya yi rawaya, ya kaɗe, aka bar tsinke. Mu kuma da ƙarangiya ta nuna muka shiga kakkaɓarta, ni da kakata, hannuwanmu duk jini. A daka a turmi, a sheƙe, a sake dakawa, sai ka ga 'yan ƙwayoyi a gindin ƙwarya, ko tsuntsu ya raina. Da su ake dama kunu. Wallahi ba daɗi, amma da babu gara ba daɗi. Kunun nan ne ya riƙe ƙanena har hatsin taimako ya iso garinmu. Kakana kuwa ko sau ɗaya bai kai shi baki ba, sai ya ce azumi yake yi.

Bai sake samun ƙarfin dashe ba. Yashi ya yi ta shigowa ta gabas har ya binne rabin gonar, kuma ya rasu bedin nan guda bai kai ya yi inuwa ba. Ban taɓa kai masa furar ba, wannan yana ci mini rai har yau.

Yanzu ƙauyen ya watse, yawancinmu muna Tawa, yara ba su san ana cin ƙarangiya ba, Allah kada ya sa su sani. Bara muka je ni da ƙanena, shi ma furfura ta kama shi. Muka fake wa rana a gindin bedin, shi kaɗai tsaye a fili fetal. Ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, da ma tsoho ya dasa da yawa."

Na ce, "Ya dasa. Kai ka shanye su."

Ya yi dariya, yana tsammanin wasa nake yi. Na bar shi a haka.