Hajiya ta faɗi a layin rawata

"Ku riƙe hannun juna, ku juya!" Ina rufe baki na ji faɗuwar mutum.

Rawar biki nake koya wa mata a wani gida a Wakra, kusa da Doha. Wadda ta faɗi kuwa tsohuwa ce, mahaifiyar kafil ɗin mijina, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, da ta nace sai ta shiga layi. Na ce a raina shikenan, zamanmu a Doha ya ƙare.

Aka yayyafa mata ruwa ta buɗe ido. Na ce, "Hajiya, a kira likita?"

Ta ce, "Khalas, ya wuce, 'yata. Kada ɗana ya ji."

Ban gaya wa mijina ba. Har yau in kafil ɗin ya kira shi, sai in ɗauka asiri ya tonu. 'Yan'uwa mata, in gaya masa ko in yi shiru?