Ganyen Zinariya a Ɗakin Baba na Bukoki

Shekaru sun ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka mai yiwuwa ne wani abin ya zame mini, wani kuma na cuɗa shi da abin da na ji daga baya. Abin da na tabbata shi ne bazara ce, ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, ni kuma ban cika wata shida da dawowa Yamai daga karatu a Dakar ba.

An ɗauke ni aiki a wani sabon biro, wato ofishi, na gwamnati. An sauke tsohon allon da ke saman ƙofa, darekta ya ce yana son sabo mai haruffan zinariya kafin ranar buɗewa. Wani nasara da ya rage yana ba mu shawara ya ce sai an aika Faransa, abin da zai kai mu damina. Ni da ba na yawan magana a taro, sai na ji bakina yana cewa akwai wani dattijo mai yi a unguwar Bukoki. Daga wani direba na ji labarinsa, ban taɓa ganinsa ba. Darekta ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, yana wuyanka." Nasaran ya jawo wani ɗan littafi da bai wuce tafin hannu ba, tsakanin kowane shafi da shafi akwai ganyen zinariya ɗaya. Ya miƙo mini, ya ce a saninsa babu wani littafin irinsa a garin.

Dattijon Bazabarme ne, haifaffen Yamai, Hausarsa ta kasuwa ce. Ina jin a Abijan ya ce ya koyi aikin, ko da yake wani lokaci sai in ga kamar Dakar ya ce. Ya auna haruffan da wani kafinta na kasuwar Katako ya sassaƙa, da tsinken tsintsiya ya auna, sannan ya leƙa littafin ta gefe bai buɗe ba.

"Zai isa," in ji shi. "Amma babu na ɓarna."

Kwanaki ya yi yana shafa wa haruffan alli da danƙo, ya goge, ya sake shafawa, har suka yi santsi kamar ƙwai. Ya bi su da jan yumɓu, sannan wani mai mai kama hannu. Kullum ina can, yana kirana mushe, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci.

"Mushe, kai ka haifi allon nan ne?"

"Baba, ranar ce ta matso."

"Ranar ta darektanka ce. Man nan bai yi karatun lakkol ba, bai san ta ba."

Ya nuna mini yadda ake gane man ya yi: ya taɓa da bayan yatsa ya ɗan ja. In ya kama, da saura. In ya yi ɗan ƙara kamar kukan ɓera, lokaci ya yi.

Saura kwana biyu a buɗe biro na je da hantsi, na tarar da gidan shiru. Matarsa ta jingine taɓarya, ta ɗaure kaji a bayan gida, an toshe tagar ɗakin da jiƙaƙƙiyar tabarma. Ta tare ni ta ce, "Ɗana, cire takalmi, ka shiga kamar mage. Ban da magana."

Ga inda kuskurena yake, kuma na daɗe ina juya shi. Na ɗauka hira ta hana ni. Ban taɓa lissafa sallama cikin magana ba, don tun ina ƙarami ban san an shiga wa babba ba tare da ita ba. Na ɗaga labule a hankali na yi ta ƙasa-ƙasa.

Bai amsa ba. Yana durƙushe, ya ɗaure baki da hanci da gefen rawani. A hannunsa akwai wani abu mai faɗi na gashi mai laushi. Ya shafa shi a kumatunsa, ya kai kusa da littafin, sai ganyen ya taso da kansa ya manne da gashin, yana rawa kamar mai rai. Ya sauke shi bisa harafi, jan yumɓu ya ɓace, haske ya maye gurbinsa a ɗakin da ba fitila. Ban taɓa ganin abu mai siranta haka ba. Ina jin inuwar yatsunsa ma na gani ta cikinsa, sai dai wannan ba zan rantse ba.

Na tsaya zufa na zuba, amma rashin amsar nan na cina. Na ce a raina ko bai ji ba, kada ya ɗauka ɗan lakkol ya faɗo masa kamar jaki. Ya zo harafin ƙarshe, ya ɗago ganyen ƙarshe, ni kuwa na sunkuya daidai kafaɗarsa na ce, "Salamu alaikum, Baba."

Ganyen ya bar gashin. Ya yi sama, ya naɗe, ya juyo ya manne a goshina.

A zuciyata na ga darekta, na ga nasaran yana ɗaga kafaɗa, na ga dattijon da na jawo wa kunya yana zaman zamansa. Na kai hannu zan ɓare, ya riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban zata yana da shi ba. Ya girgiza kai. Da bakin wata siririyar wuƙa ya dinga tsince abin da ya tsinto daga goshina, yana ajiyewa bisa takarda. Mafi yawansa ya narke cikin zufa.

Sai ya jawo wani ƙoƙo daga ƙarƙashin allon. Ashe tun safe duk ɓurɓushin da ya faɗo daga gefen haruffa cikinsa yake sharewa. Ya fara jera su bisa harafin, wani bai kai farce ba, wani bai kai ƙwayar gero ba, wannan ya ɗan hau kan wannan. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na dai san ƙafata ta mutu ban motsa ba. Harafin ya fito kamar riga mai faci ɗari, na ce a raina shi ke nan, ya lalace. Sai ya ɗauki auduga ya shiga shafawa a hankali, ina kallo facin nan suka dinga ɓacewa, har ya zama fuska ɗaya, ba ka ce ga inda aka haɗa.

Ya rufe ƙoƙon, ya kwance rawani, ya ja dogon numfashi.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah," in ji shi. "Sau biyu ka yi, ko? To, wa alaikumus salam."

"Baba, ka gafarce ni."

"Uwarka ta yi tarbiyya, mushe. Zinariya ce ba ta yi ba. Je ka wanke goshi, kada a ce ka je Makka."

An kafa allon ranar buɗewa. Nasaran ya hau kujera ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da ido, ya sauko bai gano facin ba. Darekta ya dafa mini kafaɗa. Ban faɗa musu abin da ya faru ba, har yau kuwa ban tabbata shirun nawa daidai ne ba.

Allon ya yi shekaru a wurin kafin a rushe ginin, ban san inda ya shiga ba. Wani abokin aikina ya dage cewa harafin farko ne mai facin, wai ya taɓa gani da rana ta karkata. Ni na ƙarshe na sani. In akwai wanda ya yi aiki a biron nan, ko ya zauna Bukoki ya san dattijon da inda ya koyi aikinsa, ina roƙo ya rubuto ya gyara mini inda na kauce.