Mazarin Ƙanwata

Shekarar da aka kai ni ɗakin miji a Gwiwa, ƙanwata ta koma Kazaure wurin goggonmu, wadda ke yi wa masaƙa kaɗi. Na girme ta da shekara uku, ni na fara koya mata riƙon auduga. Bayan kaka biyu ta zo mana ziyara da taskirarta, a ciki akwai mazarin da ban taɓa ganin irinsa ba.

Nawa na kasuwa ne, irin wanda ake zubewa a tabarma kowa ta zaɓa. Sandarsa ta ɗan karkace, gululun, wato dunƙulen yumɓun da ke gindinsa, ya fi nauyi ta gefe ɗaya, in na murza sai ya yi ta tangaɗi. Zare mai kauri nake samu, na lagwanin fitila da ɗinkin tsumma. Mazarinta kuwa siriri ne miƙaƙƙe, gululun baƙi sumul. Ta ce wani tsoho ne a Roni ke yin su, ba ya kai su kasuwa. Matan da kaɗi ne sana'arsu kaɗai yake yi wa, su ma sai wani masaƙi ya shaide su.

Da la'asar muka zauna kaɗi a tsakar gida. Ta murza sau ɗaya, mazarin ya tsaya kyam yana juyi, ko ƙara babu. Surukata ta ja zaren tsakanin yatsunta, ta kira maƙwabta su zo su gani. Na ce zare siriri haka ba ya jure wanki. Suka ci gaba da yaba zaren.

Washegari ƙanwata ta fita gaishe-gaishe, na ɗauko mazarin na shige ɗaki. So nake zarena ya fito kamar nata, in ce ai kayan aiki ne kawai. Ya fi wanda na saba yi nesa ba kusa ba, amma bai kai nata ba. Na rasa wanne ya fi yi mini ciwo.

Da ta dawo ta ga inda zarena ya hau kan nata, ta gane. Ta ce, “Yaya, ki riƙe shi mana. Goggo za ta sa a yi mini wani.”

Wannan “wani” da ta faɗa cikin sauƙi shi ya ƙona mini rai. Na ce ba ni da lokacin wasa da auduga, ina da gida a kaina. Ta mayar da shi taskira.

Bayan tafiyarta na dami maigidana har ya je Roni. Tsohon ya tambaye shi wane masaƙi ke karɓar zaren iyalinsa. Ya ce babu. Tsohon ya ba shi ruwa da goro, ya rako shi bakin hanya.

Da salla ƙanwata ta aiko mini da zane saƙar zarenta. Na ɗaura sau ɗaya, kowa ya yaba, na ninke shi na tura ƙasan adaka.