Na Kama Mai Cinye Mini Giranola

Jama'a, yau na kama ɓarawo, amma anya ban ɗauki alhaki ba?

Kun san giranolar da na sayo a Sakkwato, gasasshen hatsin nan mai gyaɗa da zuma. Sai da na karance bayan kowane kwali kafin na zaɓi wadda ta fi gina jiki. To, kullum raguwa take yi. Har na zargi ɓera.

Da safen nan na shiga ɗaki, sai ga Kawu Ummaru, ƙanin Inna, baki cike!

Ya ce, "Ɗan nema! Wanga maganin ƙarfin maza ne, shi ya sa kake ɓoyo!"

Na ce, "Kawu, ban tabbata ba fa, kada a ce ni na ce. Amma kamar an rubuta na mata masu shayarwa ne, don kawo nono."

Tauna ta tsaya cak! Ya shafa ƙirji.

"Yaushe shika fara aiki?"

"Wataƙila ya danganta da yawan da aka ci."

"Innalillahi!"

Ya zazzage mini giranolar da ya cika aljihunsa duka biyu da ita, ya fice. Yanzu haka yana zaure, yana ta leƙa wuyan rigarsa.

In gaya masa gaskiya yau, ko in bari kwalin ya ƙare tukuna?